Kuka a Cikin Kasko: Bonsai da Itatuwan Ƙasar Katsina

Hasumiyar Gobarau tana tsaye a tsakiyar tsohon birnin Katsina, tsayinta kimanin mita 15, ginin ƙasa ne da azara wanda tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Unguwannin da ke kewaye da ita, har zuwa Ƙofar Soro da fadar Sarki, suna cikin mafi cunkoso a birnin. Gidan da a da yake da faffaɗan tsakar gida da tsamiya ko cediya a ƙofa, rabon gado ya yanka shi gida uku ko huɗu, kowa ya ja katanga, ya malale ɗan filin da ya samu da siminti. Itace shi ne abu na farko da ake sarewa idan za a ƙara ɗaki, kuma ba a rasa dalili: saiwa na fasa bango, ganye na cika indararo, reshe na taɓa wayar wuta. A haka aka wayi gari yaro yana tasowa a Katsina ya san kuka a matsayin gari a ƙullin leda, ya san tsamiya a kunu, amma bai taɓa ganin yadda ɗayansu ke toho ba. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, sana'ar renon itace a cikin ɗan ƙaramin mazubi, wadda duniya ta sani da sunan bonsai, ta dace da irin wannan zama namu fiye da yadda ake zato, matuƙar da itatuwanmu za a yi ta, kuma daga iri ko yankan reshe za a tayar da su.

Bonsai bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba, don haka ya kamata a fara da bayani. Itace ne na gaske, mai rai, da ake reno a cikin mazubi marar zurfi, ana yi masa aski a rassa da saiwa, ana bi da girmansa a hankali har ya ɗauki kamannin tsohon itacen daji alhali tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, wani ma tafin hannu yake ɗauka. Daga ƙasar Sin abin ya faro. A kabarin wani yarima na daular Tang, wanda aka yi wa zane a bango a shekarar 706, an ga hoton barori ɗauke da tire mai ƙananan tsirrai da duwatsu. Daga can ya ƙetara Japan, inda zanen da aka yi a 1309 ya nuna itatuwa a mazubai a farfajiyar gidan wani babba. Japanawa ne suka tsara masa ƙa'idoji suka kai shi inda yake yau. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu wannan sana'a sun ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwa tasu a 1925, kuma har yanzu can ne cibiyarta, da gidan tarihi na musamman da aka buɗe a 2010. Babban baje kolinsu na Kokufu tun 1934 ake yin sa a Tokyo.

Mutane da yawa idan suka ga hotonsa a waya sai su ɗauka wani iri ne na musamman da aka ƙera a ɗakin bincike, ko kuwa magani ake ɗura wa itacen ya tsumbure. Ko ɗaya ba haka ba ne. Idan aka ciro bonsai daga mazubinsa aka dasa a gona, zai miƙe ya koma girman danginsa, kuma ƙwallon da ya haifa idan aka shuka, cikakken itace zai fito. Sirrin yana cikin ɗabi'ar itace kanta. Sama da ƙasa suna tafiya tare: gwargwadon yawan saiwa, gwargwadon yawan ganyen da za ta iya shayarwa. Sannan kan kowane reshe yana danne idanun da ke bayansa, da zarar an datse kan sai waɗannan idanu su farka, reshe ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, ganye kuma ya riƙa fitowa ƙanana saboda ƙarfin ya rabu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san dajinmu. Aduwa ko magaryar da ta fito a kan burtali, awaki suna cin kanta kowace shekara, za ka same ta ko gwiwa ba ta wuce ba, amma gindinta ya yi kauri, rassanta sun cukurkuɗe, ganyenta ƙanana. Haka ɓauren da ya tsiro a tsagar dutse a wajen Dutsin-Ma, inda ƙasar da yake samu ba ta fi cikin tafi ba, yakan shekara da shekaru yana nan ɗan ƙarami, ya naɗe dutsen da saiwoyinsa. Mai bonsai yana yin abin da akuya da dutse suka yi ne, sai dai shi da niyya yake yi, da ido, kuma yana ciyar da itacen yana shayar da shi.

Inda masu sha'awar farawa suke yin asara shi ne wajen zaɓen itace. Hotunan da suka fi yawo na itatuwan Japan ne, irin su fain da mapul, waɗanda rayuwarsu ta ginu a kan sanyin ƙanƙara da suke hutawa a cikinsa kowace shekara. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kuma ruwan shekara bai fi milimita 600 zuwa 700 ba, a cikin wata huɗu kacal, sayen irin waɗannan zubar da kuɗi ne. Mutanen Afirka ta Kudu sun gane haka tun da daɗewa, suka koma ga itatuwansu, har suka fitar da salo nasu, ɗaya na siffar kuka, ɗaya na ƙaya mai shimfiɗaɗɗen kai kamar laima, kuma marubucinsu Charles Ceronio ya shigar da su cikin littafinsa na salon bonsai na duniya. A Indonesiya da Filifin da Indiya tsamiya tana cikin itatuwan da ake ji da su, saboda ƙananan ganyenta da kaushin ɓawonta. Ƙariya kuwa, wannan mai kumburarren gindi da jan fure wadda ke fitowa a fako ba mai kula ta, a Tailan gonaki ake yi mata ana fitar da ita kasuwannin duniya. Wato abin da wasu ke nema da kuɗi, mu a bayan gari muke da shi. Ga mai farawa ba abin da ya kai cediya sauƙi, domin kakanninmu ma da yankan reshe suke dasa ta a ƙofar gida, tana jure aski, tana saurin warkewa. Durumi da gamji danginta ne, amma faɗin ganyensu yana sa su fi kyau a babban mazubi. Magarya da kurna da bagaruwa duk suna karɓa, ga mai haƙuri da ƙaya. Gawo ne zan ce a dakata da shi sai hannu ya faɗa, saboda doguwar saiwarsa ba ta son a taɓa ta, ga shi kuma yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ke rikita mai koyo ya zaci ya mutu.

Aikin kansa daga mazubi yake farawa, kuma ba sai an yi odar komai daga waje ba. Kaskon da maginan tukwane ke gasawa ya fi roba nesa ba kusa ba, domin yana numfashi, yana sanyaya saiwa da rana. Sharaɗi ɗaya ne: a huda masa ƙofofi a gindi, masu faɗin da yatsa zai shiga, tun yana ɗanye kafin a gasa, a rufe su da guntun raga don kada ƙasa ta zube. Ƙasar da ake zubawa ita ce ta fi kashe bonsai a hannun sababbin shiga. Laka ko ƙasar gona zalla idan ta sha ruwa a mazubi sai ta dunƙule, iska ta kasa shiga, saiwa ta ruɓe. Japanawa suna da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama, amma abin da take yi shi ne riƙe danshi tare da barin ruwa ya wuce, kuma ana samun haka da yashin rafi mai tsakuwa, da fasasshen jan bulo ko katangar tukunya da aka daka aka tankaɗe ƙurar da rariya, da ɗan gawayi, da takin dabbobi wanda ya shekara ya huce. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba ruwa, idan ya fito ta ƙasa nan take, an dace, idan ya kwanta a sama, a sake haɗi. Ƙwallon kuka yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana ko an ɗan goge gefensa da fayil kafin ya tsiro da wuri. Tsamiya ba ta da wannan wahala. Bayan dashen ya shekara, a ciro shi a farkon damina, a karkaɗe ƙasar, a datse uwar saiwar nan mai nutsawa, a bar ƙananan masu kama da gashi, domin su ne masu shan ruwa da abinci, a baza su kamar tafin hannu a mayar. Wannan ciro da askin saiwa ana maimaita shi duk shekara ɗaya ko biyu ga ƙaramin itace, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda.

Fitar da siffa shi ne wurin da sana'ar take zama fasaha, kuma a nan ne nake ganin bai kamata mu zama 'yan kwaikwayo ba. Littattafan Japan suna koyar da siffar itacen da ƙanƙara ta danne rassansa suka sunkuya, kansa ya yi tsini. Itatuwanmu ba su san wannan nauyi ba. Tsohuwar kuka gangar jiki ce jibgegiya, rassa gajeru masu kauri a can sama, da tabon inda aka ɓare ta don igiya. Tsamiya kanta a dunƙule yake, inuwarta a cike. Bagaruwa da farar ƙaya suna buɗewa sama su baje. Wanda zai yi bonsai na kuka, malaminsa na farko kukar bakin gari ce, ya je ya zauna ya dube ta da rani lokacin da ba ganye, ya ga inda reshe na farko ya fita da yadda kaurin ke raguwa zuwa sama. Hanyoyin bi da reshe biyu ne. Akwai naɗa waya ta alminiyam ko jan ƙarfe, mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin uku na reshen, a karkace, sannan a lanƙwasa a hankali. Amma a damina itatuwanmu suna kumbura da sauri, cikin 'yan makonni waya za ta nutse a ɓawo ta bar tabon da ba ya gogewa, don haka sai an riƙa dubawa. Hanya ta biyu, wadda mutanen kudancin Sin suka shahara da ita, ita ce a bar reshe ya yi tsawo ya yi kauri, a datse shi daidai saman idon da ke kallon inda ake so, sabon toho ya bi can. Ta fi jinkiri, amma almakashi kawai take buƙata, kuma gwiwoyin da take bari sun fi kama da na itacen daji.

Sauran aikin bin yanayi ne. Bonsai ba kayan falo ba ne, a waje yake rayuwa, inda zai samu hantsi ya tsira daga ranar azahar ta bazara. A watannin Afrilu da Mayu kasko kan bushe kafin la'asar, sai an shayar safe da yamma. Da hunturu iska ce ke tsotse danshi, sai a matsar da shi jikin bango. Kuka da ƙariya kuwa idan suka zubar da ganye hutu suke yi, yawan ruwa a lokacin shi ke ruɓar da su. A ɗora mazubi a kan benci ko bulo saboda gara, a kuma nisanta shi da awaki, domin aikin shekara biyar akuya ɗaya za ta gama da shi kafin a idar da sallah. Ruwan jikin ƙariya guba ne, maharba sun daɗe da saninsa, saboda haka gidan da ke da ƙananan yara a ɗaga ta sama, a wanke hannu bayan an yanke ta.

Ƙorafi mafi nauyi da za a yi shi ne cewa wannan wasan masu ƙoshi ne. Jiha kamar Katsina da hamada ke matsowa, wadda ke cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda tun shekarun 1980 ake kashe kuɗi a kan dashen itatuwa a cikinta, me za ta yi da itacen da ba ya ba da inuwa, ba ya tare iska, ba ya ba da itacen girki? Maganar tana da ƙarfi, kuma ba zan ce bonsai zai tare hamada ba. Sai dai a duba inda gyaran ƙasa ya yi nasara a kusa da mu. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su sun lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, abin da suke buƙata kawai a zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Wannan dabara, da manoman Nijar ke kira sassabin zamani, ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Sanin reshen da za a bari da wanda za a cire, da lokacin yin hakan, shi ne ya yi wannan aiki, kuma shi ne dai ilimin da mai bonsai ke koya kullum a kan bencinsa. Kowa ya ga yadda ake bikin dashe da damina, kafin bazara rabi sun bushe don ba mai komawa ya duba su. Abin da muka rasa masu reno ne, kuma yaron da ya riƙe tsamiya a kasko ta shekara uku a raye ya san abin da dashe ke bukata. Batun ruwa kuma bai kai yadda ake tsoro ba: ƙaramin kasko kofi biyu ko uku ya ishe shi, ruwan alwala ma da aka tara a roba zai yi, in dai ba sabulu a ciki.

Wasu kuma ta fuskar addini da tausayi za su zo, su ce ana azabtar da itace, ko ana canza halitta, ko kuma al'adar masu bautar wani abu ce. Hukunci na malamai ne, amma ya kamata a ba su bayanin gaskiya kafin su yanke. Ba a taɓa asalin halittar itacen, aski ne da dashe, irin wanda mai lambu ke yi wa lalle da shinge, kuma bai kai auren mangwaro ko lemo shiga cikin halitta ba, wanda a nan jikin wani ake haɗawa da na wani, kuma ba wanda ya ɗauke shi laifi. Itacen da ake azabtarwa ba ya daɗewa, amma bonsai mai samun kulawa yakan yi tsawon rai. Akwai wani fain da ake reno tun 1625, a da yana gidan wani mai suna Masaru Yamaki a Hiroshima, kimanin kilomita 3 daga inda bam ɗin 1945 ya faɗi, ya tsira, aka ba Amurka shi kyauta a 1976, yana nan da ransa a Washinton. Shekaru kimanin 400 ke nan hannu yana miƙa wa hannu, ba ranar da aka bar shi da ƙishirwa har ya mutu. Katsinawa sun san irin wannan riƙo, domin ginin ƙasa kamar Gobarau ba ƙarfinsa kaɗai ya kawo shi yau ba, yaɓen da wani zamani ya yi ya bar wa na bayansa ne. Gaskiya ne cewa a Japan sufayen addinin Buddha suna cikin waɗanda suka yaɗa sana'ar, amma yau manomi da likita da ɗan makaranta ke yin ta, har a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Kasancewar abu baƙo kuma ba aibi ba ne a kansa: dogon yaron da ya cika titunan Katsina daga Indiya asalinsa yake, a zamanin Turawa ya shigo.

Haɗarin da nake gani na gaske daban ne, kuma masu ƙorafi ba su cika ambatonsa ba. Hanya mafi sauri ta samun bonsai mai kamannin tsufa ita ce a je daji a tono wanda ya riga ya tsufa. A Japan an yi haka har wasu itatuwan duwatsu suka kusa ƙarewa a wurarensu. Idan sha'awar ta kama a nan, aka fara sayen tsohuwar ƙariya ko aduwar burtali da tsada, za a samu masu shiga daji da diga, kuma yawancin abin da za su tono mutuwa zai yi a hanya, domin saiwar itacen fako tana da nisa. Dajin da gatarin masu itace da masu gawayi ya riga ya rame ba ya bukatar wani sabon mai cin sa. Akwai hadisi a Sunan Abi Dawud mai tsananin gargaɗi ga wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta ba tare da haƙƙi ba, kuma wanda ya tumɓuke itace don ado ya fi kusa da wannan gargaɗi. Saboda haka ƙa'idar ta zama ɗaya tun daga farko: iri, ko yankan reshe, ko dashen da aka saya a wurin masu reno, ko wanda aka ceto daga filin da za a yi gini. Mai saye ma yana da alhaki, ya tambayi inda aka samo kafin ya biya.

Makarantun firamare da na sakandare da ke cikin birni, waɗanda yawancinsu ba su da filin lambu, za su iya ware benci ɗaya a inuwa, kowane aji ya riƙe kaskonsa ya miƙa wa na bayansa. Maginan tukwane su gwada yin kasko mai faɗi da ƙofofi a gindi, masu sayar da fulawa a bakin titi su ajiye cediya da tsamiya kusa da furannin waje. Kai kuma mai karatu, idan abin ya kwanta maka, kada ka fara da ɗaya, domin mutuwar dashe ba ta rasa mai koyo: tara ƙwallon tsamiya biyar ko shida daga wadda aka jiƙa a gida, ka nemi reshen cediya mai kaurin yatsa, ka tanadi yashi da kasko, ka shuka su da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni.